Ina tsohon? Labarin noti 84 da aka gwada da ido

Shekara 19 ke nan ina sayar da noti a kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma kafin ni mahaifina ne a kan wannan bencin. Mu a wajenmu duka noti ne, mai kai da mai rami, sai dai mu raba su da namiji da mace. Girma kuwa da sifana muke faɗarsa: mai 10, mai 13, mai 17, mai 19. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin shago irin namu ya san tambayar farko da za a yi masa: "Ina tsohon?" Sai ya laluba aljihu ya fito da wani guntun ƙarfe da ya sha baƙin mai, in karɓa in goge da tsumma, in zaro sabo daga gwangwani, in jera su kafaɗa da kafaɗa, in ɗaga wajen haske in kanne ido ɗaya. "Shi ne." Ya biya ya tafi. A yini nakan yi haka ya fi a ƙirga, kuma har kwanan baya ina bugun ƙirji cewa idona ba ya cin amanata.

Ɗan yayata ne ya ɓata min wannan alfahari. Ya yi karatun gyaran jirgin sama a kwalejin nan ta Zariya, kuma in ya shigo Kano yakan zo ya zauna min a shago mu ci rogo da ƙuli. Ran nan yana zaune na yi wa wani mai babur irin gwajin da na saba. Mutumin na juya baya sai yaron nan ya kwashe da dariya.

"Kawu, ka san da irin wannan gwajin naka aka taɓa fitar da matuƙin jirgi ta taga?"

Na ce masa ya kiyaye ni, ni ba abokin wasansa ba ne. Ya ce wallahi da gaske yake. Ya ba ni labarin a taƙaice, ni kuma abin ya tsaya min a rai, na yi dare uku ina bin sa a waya har na haddace shi kamar a gabana aka yi.

Ranar 10 ga Yuni 1990 wani jirgin British Airways ƙirar BAC One-Eleven ya tashi daga Birmingham a Ingila zai tafi Malaga a Sifen, da fasinja 81 da ma'aikata 6. Yana cikin hawa, ya kai ƙafa 17,300, sai gilashin gaba na ɓangaren kyaftin ya yi tsalle ya fice gaba ɗaya. Iskar da ke cikin jirgin ta yi waje da ƙarfi, ta ɗebi kyaftin ɗin, Tim Lancaster, ta fitar da rabin jikinsa ta ramin. Ƙafafunsa suka maƙale a sitiyarin jirgin, wani ma'aikacin cikin jirgi mai suna Nigel Ogden ya yi kukan kura ya rungume shi. Sauran jikin yana waje, iska na ta buga shi a jikin jirgi cikin sanyin da ya wuce na ƙanƙara. Abokan aikinsa sun ɗauka ya mutu, amma suka ƙi sakinsa, domin injinan wannan jirgin a baya suke, kusa da wutsiya, kuma suna tsoron gawar ta faɗa cikin inji. Mataimakinsa Alastair Atchison shi kaɗai ya riƙe jirgin, iska na ruri ko maganar rediyo ba ya ji sosai, har ya sauke shi a Southampton bayan kamar minti 20. Ba wanda ya mutu. Shi kansa Lancaster karaya ya samu a hannu da ƙunar sanyi, kuma bai cika wata 5 ba ya koma tuƙi.

Wannan ɓangaren ne mutane ke so, kuma ni ma na yi ta salati da na ji shi. Amma ni mai noti ne, abin da ya hana ni barci shi ne abin da ya faru awa 27 kafin tashin jirgin.

Da tsakar dare aka canza gilashin, kuma wanda ya canza ba yaro ba ne, shugaban masu gyara ne na wannan daren, tsohon hannu da ake yabon aikinsa. Noti 90 ke riƙe da gilashin. Ya kwance tsofaffin, ya ga ya kamata a sa sababbi. Maimakon ya buɗe littafin kayan jirgin ya duba lambar da aka rubuta, sai ya ɗauki tsoho guda ya nufi sito da shi. Ka ji fa: ina tsohon? Mai kula da sito ya ce masa notin wannan gilashin 8D ne. Shi kuwa na hannunsa 7D ne, daga jikin jirgin ya cire shi, don haka ya fi yarda da abin da ke tafin hannunsa. Irin nasa ba su da yawa a wannan siton, sai ya tafi wani wurin ajiyar inda haske bai wadata ba, ya riƙa jera tsohon da sababbi yana gwadawa da ido, ga shi bai sa tabaraunsa ba. Ya ɗebo wasu da ya ga sun yi kama. Su kuma 8C ne.

Bambancin kaurin 8C da wanda ya dace milimita 0.66 ne. Katin ATM da ke aljihunka ya fi haka kauri. Da irin waɗannan ya ɗaure guda 84, ragowar 6 kuma kaurinsu daidai ne amma sun gaza tsawo da milimita 2.5. Wani zai ce to ai siririn noti ba zai kama ba, zai ji yana lilo. A nan ƙaddarar take: haƙoran duka biyun, abin da kanikawa ke ce wa tiredi, tazararsu ɗaya ce, 32 a kowane inci. Don haka namijin ya shiga macen sumul, yana kamawa da bakin haƙori kawai. Da ya kammala ya sa hannu a takarda da kansa, domin a ƙa'idar lokacin gilashin ba ya cikin ayyukan da dole sai mutum na biyu ya sake dubawa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne binciken ya gano akasarin tsofaffin notin da ya cire su ma ba daidai ba ne. Wani ya sa gajeru tun da can, jirgin ya yi ta yawo da su Allah yana kiyayewa. Wato ko da idonsa bai yi kuskure ba, ko da ya samo tagwayen tsohon sak, kuskuren wani zai maimaita. Ni kuma duk sana'ata a kan wannan tsohon aka gina ta. Ban taɓa tambayar kaina ba: wa ya sa tsohon, kuma shi da me ya gwada?

Na tambayi ɗan yayata me ya sa gilashi zai fice waje, ni da na zaci iskar gaba ce za ta turo shi ciki. Ya ɗauki robar lemo da babu komai ya hura ta ya toshe. Ya ce jirgi in ya yi sama haka yake. A wajen ƙafa 18,000 iskar waje ta ragu zuwa rabin wadda ke bakin teku, don haka ake cusa iska a cikin jirgi domin mutane su iya numfashi, ita kuma tana tura bango da ƙofa da taga tana neman hanyar fita. In jirgi ya kai can ƙololuwa, kowace murabba'in mita ta jikinsa tana ɗauke da turin da ya kai tan 5. Yawancin ƙofofin jirgi an yi su ne kamar murfin da ya fi bakin tulu faɗi kuma aka sa shi daga ciki, iska na turawa yana ƙara toshewa. Gilashin wancan jirgin kuwa daga waje ake ɗora shi, babu abin da ke riƙe da shi sai notin nan 90.

Yana wannan bayani ni kuwa hankalina ya tafi wani wuri.

Shekara 7 ko 8 da suka wuce wani dattijo mai injin niƙa ya zo daga wani ƙauye da noti huɗu na mazaunin ƙarfen da ke riƙe da fulin injinsa. Na gwada da ido, mai 17 ne, tsawo ya yi, haƙori ya yi, na ƙirga masa. Bayan kamar mako uku ya dawo, ya yi sallama, ya zauna a bencin nan bai ce komai ba, ya kwance bakin hankici ya zube min guntaye a kan tebur. Biyu sun tsinke, biyu sun lanƙwashe kamar an tauna rake.

"Ɗana, duba min nan. Naka ne ko ba naka ba ne?"

Na ce nawa ne, Baba. Ya ce inji na tsakiyar aiki fulin ya ƙwace, bel ya yi bulala, ƙarfen ya wuce ta gefen wata yarinya da ke tsugune da kwanon dawarta tana jiran layi, ya je ya fasa bangon ƙasa. Ya nuna min da hannu tazarar da ke tsakaninsu, ba ta kai kamu ɗaya ba. Ni kuma, Allah Ya yafe min, na ce masa ƙila yaransa ne suka ɗaure da ƙarfi fiye da kima. Na ba shi wasu kyauta ya tafi. Sai da ya fita na ɗauko tsohon nasa na asali, wanda ya bari a shagon tun zuwan farko, na kankare kansa da wuƙa. Akwai 8.8 a rubuce. Nawa kuwa kansu fes, ko ɗigo babu.

Ga wanda bai sani ba, wannan lambar ta kan noti ba ado ba ce. Mai 8.8 kowane murabba'in milimita na jikinsa yana jure jan kusan kilo 80 kafin ya tsinke, mai 10.9 kusan 100, mai 12.9 kusan 120, shi kuwa mai 4.6 kusan 40 kacal. Noti mai kaurin milimita 10, wanda muke ce wa mai 17, in 8.8 ne sai an rataya masa fiye da tan 4 da rabi zai rabu biyu. In 4.6 ne rabin haka ya ishe shi. A ido kuwa uwa ɗaya uba ɗaya. Haka nan mai milimita 8 da mai 5/16 na inci, irin na tsofaffin injina 'yan Ingila da kayan Amurka: kaurinsu kusan ɗaya, amma tazarar haƙorin wancan milimita 1.25 ce, ta wannan kuwa ta kai 1.4. Zai shiga zagaye biyu ko uku ya cije, bakanike ya zura bututu a sifana ya taka da ƙafa, haƙori ya cinye, gobe a ce kayan yanzu ba su da kyau. Ko sunan da muke kiran su da shi yaudara ne, domin noti mai milimita 8 a motar Turai sifana 13 ke kama shi, a ta Japan kuwa 12.

Kuma ita ma lambar ba kullum take faɗin gaskiya ba. Na sha buɗe kwali in ga 8.8 ɓaro-ɓaro a kai, in sa a bais in buga guduma ya lanƙwashe kamar ƙusar kafinta. Na ɗauka wannan ciwon namu ne na ƙasa, ashe ya taɓa hawa sama. A watan Satumba 1989 wani jirgin kamfanin Partnair da ya tashi daga Oslo zuwa Hamburg ya wargaje a kan teku da mutum 55, aka gano uku daga cikin noti huɗun da ke riƙe da wutsiyarsa jabu ne. Shi ya sa, in ji ɗan yayata, a wajensu noti ba ya shiga jirgi sai da takardarsa da ke nuna inda aka ƙera shi da hannun da ya bi. Ɗauri kuma da sifana mai awo ake yi, wadda ke yin ƙas in ta kai adadin da littafi ya ce, ba sai gumi ya karyo ba. Sannan a zura siririyar waya ta ramin kan notin a murɗe ta a ɗaure a maƙwabcinsa, ta yadda in ya nemi kwancewa wayar ce za ta ƙara jan sa. Kayan aiki ma ƙirga su ake yi kafin a fara da bayan an gama. Sifana ɗaya ta ɓata, jirgi ba ya motsi sai an gan ta. Na ce masa da a garejin unguwarmu ne da babu motar da za ta fita har tashin duniya.

Duk da wannan tsari, a ranar 5 ga Janairu 2024 wani sabon Boeing 737 MAX 9 ya tashi daga Portland a Amurka, murfin wata ƙofa da aka toshe ya fice a sama, aka tsince shi a bayan gidan wani malamin makaranta. Noti huɗu ne ya kamata su hana shi zamewa. An cire su a masana'anta don wani gyara, ba a mayar ba.

Akwai wani noti guda da na so a ce na gan shi da idona. A wutsiyar jirgi akwai 'yan ƙananan fukafukai biyu a kwance. Aikinsu kamar na mai riƙe sikeli ne: hancin jirgi yana son ya duƙa, su kuma suna danne wutsiya ƙasa don ya daidaita. Da yake nauyi da gudu suna canzawa a tafiya, dole a riƙa ɗan ɗaga bakinsu ko a sauke. A jirgi ƙirar MD-83 abin da ke wannan aiki wani dogon ƙarfe ne mai haƙori da ke juyawa cikin ƙatuwar mace, kamar dai jak ɗin mota mai murɗawa. Ranar 31 ga Janairu 2000 jirgin Alaska Airlines da ya taso daga Meziko ya rasa wannan haƙorin a sama. An yi ta tsawaita lokacin da ake sa masa giris, ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe a bushe har haƙoran macen suka ƙare. Fukafukan suka kufce, hancin ya yi ƙasa, jirgin ya kife ciki a sama, matuƙan suna ta ƙoƙarin tuƙa shi a hakan har ya faɗa teku kusa da gaɓar Kalifoniya da mutum 88. Da aka tsamo dogon ƙarfen sai aka ga ragowar haƙoran macen sun naɗe a jikinsa kamar zaren waya. Wannan zaren na san shi. Duk mai noti ya san shi, shi ne ke fitowa yana walƙiya in haƙori ya cinye.

Amma wanda ya fi kusa da mu ba noti ba ne ma, iskar taya ce. Ina ɗan firamare lokacin, ina tuna manya sun kewaye rediyo a ƙofar gida ana ta inna lillahi. Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin alhazai ƙirar DC-8, wanda Nigeria Airways ya yi haya daga kamfanin Nationair na Kanada, ya tashi daga Jidda zai sauka Sakkwato. Mutum 261 ne a ciki, fasinja 247 da ma'aikata 14, kuma babu wanda ya fita. A lokacin abin da muka ji kawai shi ne jirgi ya kama da wuta. Sai yanzu da na bi bayanin na san yadda aka yi. Tayoyi biyu iskarsu ta yi ƙasa, kuma an san da haka kwanaki kafin ranar. Tayar jirgi ba irin ta mota ba ce da ke ɗaukar awo 30 da 'yan kai, tata takan kai wajen 200, kuma iskar naitirojin ake sa mata. Da safiyar ranar bakaniken ya nemi a ƙara, ba a samu naitirojin a kusa ba, wanda ke kula da jigilar kuma bai yarda a jinkirta tashi ba. Taya mai ƙarancin iska tana jibga wa 'yar'uwarta nauyi. Jirgin na gudu a titinsa ta farko ta fashe, ta biyu ta bi ta, ƙarfen ya riƙa gurzar kwalta har wuta ta kama. Matuƙan ba su san da wutar ba, suka tashi, suka naɗe ƙafafun jirgin zuwa cikin cikinsa kamar yadda aka saba, wato suka shigar da wutar da hannunsu inda wayoyin lantarki da bututun mai suke. Sun juyo za su sauka, saura ƙasa da kilomita 3 su kai titi jirgin ya faɗi. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi aikin hajjinsu. Na yarda kwana ne ya ƙare. Amma kuma na san muryar da ke cewa "bari kawai, zai kai", domin na sha jin ta a bakin shagona, na kuma sha yin ta da bakina.

Bayan tafiyar ɗan yayata na sayi ma'aunin kauri, irin mai baki kamar na sifana da ke nuna lamba, da wani ɗan abu mai ganye-ganye kamar wuƙar aljihu da ake gwada tazarar haƙori. Na zazzage gwangwanaye na raba masu lamba da marasa lamba, aikin da ya ci mana kwana huɗu ni da yaron shago, yana yi yana ƙunƙuni. Maƙwabtana suka ce notin kaina ne ya kwance. Yanzu in an miƙo min tsoho nakan kankare kansa tukuna, in auna, sannan in tambaya a ina yake aiki. Mai ɗaure ƙofar kaji ba na wahalar da shi. Amma in aka ce min birki ne, ko ƙafar mota, ko wani abu mai juyawa kusa da mutane, sai na ji ƙirar abin.

Ba kowa ke so ba. Shekaranjiya wani bakanike ya zo a guje da noti na ƙafar wata motar ɗaukar yashi, direba na jiransa a bakin titi. Na auna, na juya kansa, na ce masa wannan da ka kawo ba na wurin ba ne, wani ya taɓa sa shi don ya rage kuɗi, na wurin ya fi wannan lamba kuma kuɗinsa ya ɗara. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Alhaji, ni fa ba jirgin sama zan gyara ba."

Ya fizge abinsa ya shiga shagon da ke jikin nawa. Ina daga zaune na ji maƙwabcina yana ce masa, "Ina tsohon?"